Layin Marigayi Na'Allah

Kasuwar Ochanja, Anaca
Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Amatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da 'yar ƙaramar. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ta saba, da kunnen da kika sani. Saboda kunnen ne ban kira ki a waya ba, kuma ko da ina ji garau, maganar nan ba ta waya ba ce. Na ba Falalu direba takardar, zai sauke albasa a Fatakwal jibi, ya miƙa miki hannu da hannu.

To, gaisuwa ta ƙare.

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da littafin layi na ƙungiyar dillalan albasa. Mota ta iso daga Arewa, in buɗe littafi in ce ta wane ce, ya sauke ya sayar, gobe kuma a kira na bayansa. Ba a taɓa ɗaga wa wani hannu a kan layi ba tun da na karɓa. Da sabon shugaba Alhaji Gimba ya ce a bar biro a koma kwamfuta, ni da bakina na ce akwai 'yar ɗan'uwana marigayi Muhammad Sani a Fatakwal, wannan aikin ta karanta. Na ce ni da ubanki kakanninmu ɗaya, ba za ki ba mu kunya ba. Har ƙirji na buga, Amatu. Ni na kawo ki.

Ranar Asabar aka karanta rahotonki a gaban taro. Ban ji duka ba, sai da na kusa da ni ya riƙa maimaita mini a kunnen dama. Wai an samu "sunayen bogi" guda tara a littafina, sunayen matattu, kuma na'ura ta share su. Bogi! Yaran da aka haifa ina riƙe da littafin nan suka riƙa juyowa suna kallona. Wani har ya ce ashe tsohon ya daɗe yana shan romo.

Ki bar ta tawa, na iya da mutuncina. Maganar Na'Allah ce ta sa na ɗauki biro. Kin san shi ko ba ki san shi ba, dillali ne, ya rasu da ƙaramar salla. Ni na yi masa wanka, saboda haka kada ki rubuto ki sanar da ni ya mutu. Ya bar matarsa Barira da 'ya'ya huɗu a ɗakin haya, uku suna makaranta. A wurinmu in mutum ya rasu ba a cire sunansa a layi. In motarsa ta zo, mu dattawa mu sauke mu sayar, abin da ya samu a kai gidansa ba tare da surutu ba. Da shi suke ci.

Layin Na'Allah zai zo ranar Litinin ashirin da tara ga wata. Mako uku ke nan cif. Na je wurin Gimba ya ce shi ba ruwansa, na'ura ce ta cire, ita kuma na'ura ba ta san son kai ba. To na'urar ba daga sama ta faɗo ba, ke kika faɗa mata abin da za ta yi. Ki mayar da sunan kafin ranar.

Ki gaida mutanen Borokiri.

Baffanki,
Kallamu

*

Borokiri, Fatakwal
Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Baffa,

Wa'alaikumus salam. Saƙonka ya iso, muna lafiya, yarinya ta fara tafiya. Allah ya sawwaƙe gwiwa, Allah ya jiƙan Malam Na'Allah.

Baffa, na karanta takardarka sau uku, kuma ina roƙon Allah ya riƙe mini hannu kada in rubuta abin da bai dace da girmanka ba.

Da farko, kamar ka ɗauka aikina shi ne danna maɓalli, in ga dama in sa suna, in ga dama in cire. Ba haka ba ne. Ni ba ni nake rubuta manhajar ba ma, akwai masu yin wannan a ofishinmu. Nawa aikin shi ne in fahimci yadda mutane suke gudanar da al'amarinsu, in zana shi mataki-mataki, in ce wa masu rubutawa ga abin da za ku gina. Na karanta kundin dokokin ƙungiyarku daga bango zuwa bango. Na ɗauki hoton littattafanka goma sha ɗaya, shafi-shafi, na yi wata biyu ina shigar da su, idona har ruwa yake yi saboda rubutunka. Na gwada tsarin da motocin wata uku na baya don in ga ko zai yi kuskure. Sashe na shida na kundinku ya ce zama ɗan ƙungiya yana ƙarewa da mutuwa. Ni na rubuta shi? Da sa hannunka a ƙasa, Baffa.

Na biyu, na aiko maka da takardar tambayoyi arba'in. Tambaya ta ashirin da bakwai ta ce: akwai wata doka da kuke bi wadda ba ta cikin kundi? Ka rubuta "Babu", har ka ja layi biyu a ƙarƙashi. Takardar tana gabana yanzu. Duba zan yi in gano abin da aka ɓoye mini?

Na uku kuma shi ne wanda ya hana ni cin abinci. Ka ce ana kai wa iyalan mamaci. To, a cikin sunaye taran nan da waɗanda suka gabace su a tsofaffin littattafai, na ga sunan mahaifina. Muhammad Sani, da rubutunka. Ya rasu ina shekara bakwai, amma ga shi nan yana sauke mota wata bayan wata, shekara da shekaru. Ranar da na gani sai da na fita bayan ofis na zauna a kan bulo. Ka san yadda muka tashi a Inugu? Ɗaki ɗaya a unguwar Hausawa, Umma tana suyar awara a bakin titi tun hantsi har hayaƙi ya lalata mata ido. Da kuɗin awara na yi makaranta, ita ta faɗa mini, kuma na gani da idona. Ban taɓa ganin wani dattijon Ochanja ya tako ƙofarmu ba. Abin da na sani kawai buhun albasa da ake aiko mana, har 'yan ajinmu suna toshe hanci in na zauna. Wannan ne kason maraya? Motocin da aka sauke da sunan ubana, ina suka tafi?

Ban sa sunanka a rahoton ba, ban kuma ce wane ya ci ba. Saboda zumunci na yi shiru a nan, kuma har yau ban tabbata na kyauta ba.

Ina tausayin Barira, wallahi ina tausayinta, don na san ɗakin da take ciki. In taimako kuke nufi, ku buɗe asusun marayu a fili, kowa ya gani, ni zan tsara muku shi kyauta. Amma ba zan sa mamaci a layin masu rai a ɓoye ba. Ko na so ma, sai shugaba ya sa hannu kafin a taɓa tsarin.

Ka yi haƙuri da abin da ya yi zafi.

'Yarka,
Amatullahi

*

Kasuwar Ochanja, Anaca
Alhamis, 18 ga Janairu, 2024

Amatu,

Salamu alaikum. Mun ji yarinya ta fara tafiya, Allah ya raya ta, ya sa ta fi uwarta sauraro. Gwiwa da sauƙi.

Ɓarawo kika kira ni. Kin lulluɓe shi da na farko da na biyu da na uku irin na 'yan boko, amma ɓarawo kika ce. Na gode. Shekarata sittin da takwas, Inyamurai sun zage ni, 'yan sanda sun zage ni, direbobi sun zage ni, ba wanda ya taɓa kai inda kika kai.

Kin ce aikinki shi ne ki fahimci yadda mutane suke gudanar da al'amarinsu. Madalla. To wane mutum kika gani? Ni ina nan ranar da kika zo. Kin sauka daga okada ƙarfe goma, kin shige ofishin Gimba ƙarƙashin fanka, an kawo miki lemo, kin ɗauki hotunan littattafai, la'asar kina tasha. Kin ɗaga siket kin tsallake ruwan albasa kamar zai cije ki. Ba ki ga an sauke mota ko ɗaya ba. Ba ki zauna a bencinmu ba. Ba ki tambayi masu dako ba, ba ki tambayi direba ba, ba ki tambayi matar kowa ba. Mutum ɗaya kika saurara, wanda ya ɗauko kamfaninku. Ba ki taɓa tsayawa kin ce, shi wannan me zai samu in sunaye tara suka fita ba? In layi ya gajarta, wa zai riƙa samun mota da wuri? Gimba ya san komai, tare muka sauke motocin matattu da shi a da. Yana neman wanda zai share masa su ne hannunsa bai taɓa ba, sai ga ki da kwamfutarki.

Tambayarki ta ashirin da bakwai kuwa, in kin sake aiko ta yau, "Babu" zan sake rubutawa. Doka kika tambaya. Doka ita ce wadda in ka karya a ci ka tara. Wa aka taɓa ci tara don bai sauke motar mamaci ba? Ba a tilasta kowa, ba a rubuta shi, ba a faɗarsa a taro, don kada yaron da ubansa ya mutu ya wuce ta kasuwa a nuna shi da baki. Da kin zauna kusa da ni kin sa yatsa a kan suna kin ce, Baffa, wannan fa ya mutu, me yake yi a nan, da kin ji abin da za ki ji. Sai kika aiko mini da takarda mai akwatuna in yi maki, kamar mai neman fasfo.

Maganar mahaifinki ba zan ce komai ba. Ba tsoro ba ne, ba kuma rashin amsa ba ne. Ki riƙe ni a ɓarawo in hakan ya yi miki. Abu ɗaya kawai zan tambaye ki, tunda littattafan suna cikin na'urarki kuma kin ce ke mai nazari ce. Kin ga inda sunan ya ci gaba, kin fita kin zauna a kan bulo. Kin duba inda ya tsaya?

Saura kwana goma sha ɗaya.

Kallamu

*

Kasuwar Ochanja, Anaca
Juma'a, 2 ga Fabrairu, 2024

Amatullahi,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Falalu ya rantse mini ya ba ki takardar a hannu, ya ce ko buɗewa ba ki yi ba kika jefa a jaka.

Litinin ta zo ta wuce. Motar ta iso da hantsi daga Aliero, albasa busasshiya mai kyau. Saƙo ya shiga wayar Hafizu, wanda yake bayan Na'Allah a layi, ya sauke abinsa. Ba laifinsa ba ne, an kira shi ne ya amsa.

Wajen azahar sai ga Barira. Matar da ba ta taɓa taka kasuwar nan ba tun da aka kawo ta Anaca. Ta tsaya can gefen masu tireda da goyo, tana kallon ana sauke motar. Ni da na saba kallon idon kowa, ranar ƙasa na kalla.

Asusunki na marayu ma mun gwada miki shi. Mu shida muka haɗa abin da ya sawwaƙa, na kai mata da kaina. Ta ce, "Baba, layin mijina haƙƙinsa ne, shekara ashirin yana tsaye a kansa. Wannan kuwa sadaka ce, akwai waɗanda suka fi ni buƙata." Ta turo mini shi ta ƙarƙashin labule. Na tsaya a tsakar gidan haya, matan Inyamurai suna wanki suna kallona, da ambulan a hannu kamar wawa.

Ta ce in an yi hutun makaranta za ta kwashe yaran su koma ƙauyensu bayan Gaya. Babbar 'yar tana aji biyar na sakandare, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Can babu aji biyar, babu na ɗaya.

Ba roƙonki nake ba. Na rubuto ne don kada ki ce ba ki sani ba, tunda ke sai an rubuta miki.

Kallamu

*

Unguwar Hausawa, Inugu
Lahadi, 11 ga Fabrairu, 2024

Baffa,

Assalamu alaikum. Daga ɗakin Umma nake rubuto maka. Tana lafiya, sai idon. Ba ta ce in gaishe ka ba, don tun jiya ba ta yi mini magana ba.

Falalu bai yi ƙarya ba. Takardarka ta biyu ta yi kwana goma sha biyar a jakata ban buɗe ba, saboda haushi. Tare na karanta su da ta ukun. Ba ni da abin da zan ce a kan wannan, Allah ya gani, Barira ma ta gani.

Na duba inda sunan Baba ya tsaya. Nuwamba, shekarar da na gama jami'a. Watan da aka yaye mu. Na ce ko dacewa ce, sai na jero sauran sunayen duka, tun daga littafi na ɗaya, na sa Falalu a gaba a garejin albasa na hana shi tashi, ina kiran suna yana ba ni labarin gidan. Wannan ya tsaya da matar ta yi aure. Wancan ya tsaya da autansa ya kama sana'a. Babu ko ɗaya da ya tsaya haka kawai. Aikin rabin yini ne, Baffa. A shekarar farko a jami'a aka koya mana cewa in ka ga abu yana maimaita kansa a bayanai, kada ka kira shi kuskure sai ka tambayi mai shi. Na ci jarrabawar da maki mai kyau.

Jiya na hau mota na zo Inugu. Na sami Umma tana tsince wake, na ce, "Umma, buhun albasar nan da ake kawo mana, mene ne a cikinsa?"

Ta ce, "Albasa."

Na ce, "Bayan albasa."

Ta ajiye faifan ta ce, "Kallamu ne ya faɗa miki?" Na ce ba ka faɗa ba, ka gwammace in kira ka ɓarawo. Sai ta ce, "Kin kira shi me?" Baffa, rabon da Umma ta ɗaga mini hannu tun ina firamare. Jiya saura kaɗan, da 'yata a bayana.

Ta ce a bakin buhun kake ɗinke ambulan ɗin kuɗin layin Baba da zaren buhu, shi ya sa ba ta taɓa barin mu kwance shi ba. Ta ce ita ta sa ka rantse, don ba ta son in tashi ina sunkuyar da kai a gaban 'ya'yan mutanen Ochanja. Ta ce, "Awara? Awara ce za ta kai mutum jami'a? Ke da kike lissafi, ba ki taɓa lissafa wannan ba?" Ban taɓa ba. Shekara goma sha biyar ina jin haushin warin albasa a kayan makarantata.

Na yi maka laifi babba, ka yafe mini. Na faɗa, kuma zan sake faɗa a gabanka.

Amma ban huce ba, Baffa, kuma har da kai a ciki. Kun ɗora abincin gidaje tara a kan ƙwaƙwalwar tsofaffi shida da ba sa magana. In Allah ya ɗauke ku fa? Ko ban zo ba, wata rana wani zai buɗe littafin nan ya ga matattu, ya yi abin da na yi. Kun ɓoye abin har ya zama wanda yake son kashe shi bai sha wahala ba. Ana iya rufa wa marayu asiri ba tare da an bar haƙƙinsu a iska ba, kuma wannan aikina ne, da an bar ni na sani.

Na kira Alhaji Gimba na ce rahotona da kuskure, ina son in janye shi a gyara tsarin. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai na'ura ba ta ƙarya, ke kika faɗa." Ya ce ba zai sa hannu ba sai taro ya yarda, kuma ya san ba mai tashi a taro ya kira sunan gidan kowa. Ogana a ofis kuma ya ce mai aiki ya karɓi aikinsa, mene ne nawa a ciki. Zan iya shiga in cusa sunan a ɓoye, minti biyu ne. Ba zan yi ba. Ranar da aka gano, za a ce ga shi, 'yar Kallamu ta ci gaba daga inda ya tsaya, kuma a sake share shi har abada.

Alhaji ya yi gaskiya, ba wanda zai iya tashi ya kira gidan wani. Amma ni zan iya kiran namu. Na faɗa wa Umma, shi ya sa ta daina yi mini magana.

Taronku Asabar ne. Ni Laraba zan iso, na ɗauki hutu. Ka sama mini wuri a bencin, kusa da kunnenka na dama. Kwana uku zan yi ina kallo ina tambaya, kuma wannan karon ba takarda mai akwatuna. Ka ce wa Barira don Allah kada ta ɗaure kaya tukuna. In ta yarda in je gidanta, zan je.

'Yarka mai laifi,
Amatu

*

Kasuwar Ochanja, Anaca
Litinin, 4 ga Maris, 2024

Amatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kin koma lafiya, kuma warin albasa ya fita daga mayafinki. Ki gaida maigida, ki ce na gode da aron matarsa. Gwiwa tana nan. Uwarki ta aiko Falalu da yaji da saƙon cewa ni da ke duk ba mu da kirki.

Kada ki ɗauka na huce. Har yanzu in na tuna tsayuwar da kika yi a gaban maza saba'in kika ce, "Ni ce layin Muhammad Sani, da shi na yi karatun da na zo na share na wasu," sai in ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da maganar nan, kika zubar da ita a minti ɗaya. Na san da ba ki faɗa ba hannuwan masu goyon baya ba za su tashi ba, na ga yadda Hafizu ya fara ɗagawa, na ga yadda Gimba ya nemi biro yana gumi. Duk da haka ban ji daɗi ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na ji ba.

Sabon sashen layin mamata da kika sa na yi miki shifta, an manna shi a kundi. Na karanta. Kin rubuta shi daidai, ba sunan gidan kowa, dattawa uku ne kawai suke ganin inda kaso yake zuwa. Abin da ban gane ba shi ne yadda al'adar da ta fi ki shekaru ta koma rubutu layi bakwai a takarda. Yaran kuma yanzu sun dame ni da gaisuwa, har wanda ya ce ina shan romo ya kawo mini goro. Ban karɓa ba.

Yanzu ga kuskurenki, don akwai.

Ranar Juma'a layin Na'Allah ya zo. Motar Kano ce, mun sauke, mun sayar kafin la'asar, na ɗauki abin da ya samu na nufi gidan. Tun daga ƙofa na ji kuka. Na ce shi ke nan, wani abin ya sake faruwa. Ashe na'urarki ce. Kin mayar da sunan, amma ba ki canja lambar waya ba. Kwana uku kina yi mana tambayoyi har da inda muke zubar da ruɓaɓɓiya, ba ki tambayi wa za a aika wa saƙo ba! Wayar marigayin tana hannun Barira, babbar 'yar ce take cajinta. Da hantsi wayar ta yi ƙara, yarinyar ta ɗauka ta karanta wa uwar: "Malam Na'Allah, motarka ta iso, layinka ne yau."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ba Barira haƙuri, na ce aikin yaran zamani ne, yau ɗin nan zan rubuta miki ki cire lambar a sa tawa. Na miƙa ambulan ta ƙarƙashin labule, ta karɓa. Na ga an kwance ƙullin kayan da ke bakin ƙofa, yarinyar kuma da kayan makaranta a jikinta.

Har na juya sai ta kira ni. Ta ce, "Baba, wata mai zuwa ma haka zai zo? Da sunansa?"

Na ce in ba a gyara ba, haka zai zo.

Ta ce, "To a bar shi."

Saboda haka kada ki taɓa. Na tambayar miki mai shi.

Baffanki,
Kallamu